Tokar Gonar Kaka

Laraba, 5 ga Maris, bakwai na safe

Ta tsaya. Kwana uku cur dusar ƙanƙara tana zuba a Shudev, yau gari ya waye sama fes kamar ba ita ba. Na je bayan makaranta na duba sandar awo: sabuwar da ta sauka santimita casa'in da huɗu. Na shigar a littafin hukuma, na karanta wa Farrukh na ofishin gunduma ta rediyo, ya ce in maimaita, na maimaita. Shekara tara ke nan ina wannan aiki tun da na ajiye koyarwa, ban taɓa rubuta casa'in a zubi ɗaya ba.

Wannan littafin kuwa nawa ne, ni Gulnamo, ba na hukuma ba. A nan nake zagin wanda na ga dama.

Abin da ya fi ƙona min rai tokarmu ce. Ciyawar shanu ta kusa ƙarewa a garin nan, saniyar ƙanena Nazarsho har haƙarƙarinta ana gani daga nesa. Kowace shekara a gonakin bakin kogi kawai ake watsa toka, rana ta kama baƙin ta narkar da ƙanƙara da wuri. Bana ni na ce me zai hana mu watsa a Gonar Kaka, gangaren nan namu da ke saman hanyar Tirzud, ko ciyawa ta leƙo da wuri dabbobi su samu. Matarsa Zevarmo ta tara toka buhu shida tun shigowar sanyi. Mu uku muka hau, muka yini muna watsawa, yau kwana goma sha ɗaya. Masu gonaki a Kafaɗa, gangaren da ke bayan gidaje shida na unguwar gabas, suka gani suka kwaikwaya, wai Malama ba ta yin abu a banza. To ga shi an yi a banza, duk an binne.

Kawu Odina ya rasu jiya a Tirzud, ta rediyo aka sanar da mu. Gobe kwana uku, ranar kunna masa fitila. Tirzud ba su da halifa, namu ne yake zuwa musu ya yi addu'ar. Na san kafin azahar za a zo min da tambayar hanya.

Laraba, bayan la'asar

An zo. Mai gari Mirzohayot da kansa, ya tsaya a ƙofa yana karkaɗe hula, ya ce Malama, hanya fa?

Na ɗauki shebur da zarto na tafi gangaren bayan makaranta. Nan nake haƙa ramina kullum, don yana fuskantar rana daidai da Gonar Kaka, gangarowarsu ma kusan ɗaya, kuma ba gonar kowa ba ce, ba mai taka shi. Na haƙa har ƙasa. Na bi bangon ramin hawa-hawa, ina tura dunƙule, ina tura yatsu huɗu, ina tura ɗaya, ina tura fensir. Sama laushi, ƙasa tauri, yadda ake so. Na yanki ginshiƙi, na ɗora masa shebur, na buga goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, na shiga na kafaɗa. Sai a bugu na ashirin da bakwai ya marmashe, shi ma daga sama, bai zame ba. Na sake yanka wani, ashirin da takwas. Sabuwa ta riƙe tsohuwa.

Nazarsho yana zaune a kan shinge yana cin busasshen tut, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, yana kallona kamar mai kallon wasa.

"Yaya, in kin gama ƙwanƙwasa mata ƙofa, ki tambaye ta ko ta yarda in je wa kawuna."

Na ce masa bakin nan nasa shi zai kashe shi. Ya yi dariya har tut ya shaƙe shi, na bubbuga masa baya da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Shekararsa arba'in da shida, 'ya'ya mata biyu, amma wallahi har yau bai girma ba.

Na ce wa mai gari ya bar ni in ga safiya.

Alhamis, 6 ga Maris, bakwai da rabi na safe

Sabuwa: babu. Iska: babu. Sanyi ya kama sosai. Na ce su tafi.

Su biyu ne, Nazarsho a gaba yana fasa hanya, Halifa Shodmon a baya. Na ce su bar taki hamsin a tsakaninsu, kada su tsaya a ƙarƙashin Gonar Kaka ko ɗaurin takalmi ne ya kwance, su wuce kafin rana ta sauka a kanta. Nazarsho ya sa jajayen safar nan da Zevarmo ta saƙa masa, ya ja su har gwiwa bisa wando. Na ce ya fito kamar zakara. Ya ce zakaran ma ai na gidan Malama ne, sai da izini yake cara.

Na ba shi burodi biyu ya kai wa matar Kawu.

Alhamis, azahar

Tara saura kwata muka ji rugugin daga wajen Gonar Kaka. Kofunan shayi suka yi rawa a kan kanta.

Halifa ya dawo shi kaɗai.

Juma'a, 7 ga Maris, biyar na yamma

Sabuwa: babu.

Jiya har duhu, yau tun hudowar rana. Duk mai ƙafa a garin nan yana kwarin. Ni na jera su kafaɗa da kafaɗa da sandunan ƙarfe, ni nake ba da murya: soka, cire, taki ɗaya. Soka, cire, taki ɗaya. Muryar da nake wa 'yan aji ita ta fito, ban san daga ina ba.

Sandunanmu mita uku ne. Tarma, dusar da ta zame daga gangare, ta cika kwarin, Farrukh ya ce daga abin da na kwatanta masa zurfin zai kai takwas. Ta daskare kamar siminti, shebur biyu sun karye.

Halifa ya ce ya ƙirga taki hamsin ɗin kamar yadda na ce. Ya ce ya ji ƙasa ta yi dim a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ɗaga kai ya ga gangaren duka yana tahowa a haɗe kamar an ja tabarma. Ya ce ya kira shi, shi kuma ya waiwayo. Abin da ya gani ke nan. Sau uku ya faɗa min, duk ukun a nan yake tsayawa, ya waiwayo.

Iskar tarmar ta jefar da Halifa cikin itatuwa, haƙarƙari biyu. Ya kama hannuna yana cewa taki hamsin ɗina ne ya cece shi. Na zare hannuna.

Asabar, 8 ga Maris, bakwai na safe

Sabuwa: babu. Iska kaɗan daga yamma. Soka, cire, taki ɗaya.

Lahadi, 9 ga Maris, la'asar

An daina. Mai gari ya ce sai ta narke, wataƙila watan biyar, wataƙila na shida. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Mutane suna ta shigowa, kowa da burodinsa da kalmarsa. Ƙaddara ce, Malama. Kin yi iyakar yinki, Malama. Farrukh ya sa na karanta masa duk abin da na rubuta ranar Laraba, ya ce ko shi ne haka zai ce, ashirin da bakwai ai lafiya ce. To idan lafiya ce, ina yake? Na kusa tambayarsa. Na kashe rediyon.

Abin da ya hana ni zama shi ne ban gane ba. Da na yi ganganci da na sani, da sai in zauna in ci kaina a huta. Amma sau biyu na yanka, sau biyu na buga. Na koma ramin yau na sake, ashirin da shida. Gangaren bayan makaranta yana nan tsaye ƙyam, ko tsaga babu.

Zevarmo tana zaune jikin ginshiƙin ɗakinsu, yaran a gefenta. Tana amsa gaisuwar kowa. Ni idan na shiga sai ta sunkuyar da kai ta kama gyaran wuta. Tun Alhamis ba ta haɗa ido da ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na lura ba na iya rubuta sunan ƙanena. Hannun ne yake tsayawa.

Litinin, 10 ga Maris, bakwai na safe

Sabuwa: babu. Na zuba shayi kofi biyu, don shi kullum a nan yake shan na farko kafin ya je wa shanu, wai nawa ya fi gishiri. Na mayar da ɗaya tukunya.

Talata, 11 ga Maris, uku na yamma

Na hau. Ban gaya wa kowa ba, na bi ta kan duwatsun gefe, awa biyu da rabi, gwiwoyina suna zagina. Ina so in ga inda ta yanke.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yankan ya kai min ƙirji, santsi kamar da wuƙa aka yi. Ƙasan da ta zame a kai yana ƙyalli kamar gilashi, amma ba fari ba, toka-toka. Na durƙusa na share bangon da safar hannu. Can ƙasa, inda sabuwa ta haɗu da tsohuwa, ga wani baƙin layi siriri kamar an ja kwalli, ya miƙe daga wannan gefe har wancan. Na kankara da farce na sa a harshe, ko da yake na riga na sani.

Ni ce na koya wa rabin garin nan lissafi, wannan bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. Rana ta kama baƙin ta narkar da saman, dare ya yi ya daskare ya zama gilashi. A kan gilashin wasu ƙwayoyi suka fito kamar gishirin dabbobi, ba sa riƙe juna. Sai casa'in da huɗu ta zo ta kwanta a kai. Abin da take jira kawai ƙafar mutum.

Na bi yankan da ido. Daga sama ya fara daidai kan iyakar gonarmu. Ta hagu ya tsaya a jerin duwatsun da Kaka ya jera. Ta dama ya tsaya inda buhu na shida ya ƙare, na tuna wurin, don a nan ya karkaɗe buhun ya kifa min a ka. Gangaren da ke gaba, wanda ba mu watsa wa komai ba, yana nan fari tas, bai motsa ba.

Na auna a inda babu toka. Shekara tara ina alfahari da cewa ramina ba gonar kowa ba ce.

Na zauna a wurin har ƙafafuna suka mutu.

Talata, magariba

Ba wanda ya ga na hau. Nan da mako biyu rana za ta cinye yankan, layin ya tafi. Na rubuta wannan ne don in ga yadda yake a rubuce. Mummuna ne.

Laraba, 12 ga Maris, goma na safe

Sabuwa: babu. Farrukh ya ce wata tana tafe ranar Asabar, santimita arba'in ko fiye, bayanta kuma ɗumi.

Sai da ya ce ɗumi Kafaɗa ta faɗo min a rai. Wallahi jiya duk tunanina yana kan Gonar Kaka, ban tuna ba. Su ma sun watsa. Sun fi mu ma, buhu goma sha wani abu, don gonaki huɗu ne a jere. Ƙarƙashinsu gida shida, mutum arba'in da ɗaya. Gida na biyu daga sama nasa ne, Zevarmo da yaran suna ciki.

Na je gefen Kafaɗa inda ba tsayi, na haƙa da sauri ina waige kamar ɓarauniya. Layin yana nan. Na yanki ginshiƙi na ɗora shebur. Bugu huɗu, daga wuyan hannu, ya zame ya faɗo min a ƙafa a dunƙule.

Huɗu.

Alhamis, 13 ga Maris, azahar

Na je wa mai gari na ce a kwashe unguwar gabas zuwa makaranta kafin Asabar. Yana gyaran akurkin tumaki, ya ajiye guduma ya saurare ni har na gama, mutumin kirki ne, shi ya sa ya fi ba ni haushi.

Ya ce gidajen nan tun kakan kakansa suke, tarma ba ta taɓa leƙa su ba. Shanu suna haihuwa, akwai tsofaffi uku da sai an ɗauke su, ga gidan makoki. Ya ce in ba shi dalili ɗaya da zai kai wa mutane. Na ce dusar ta yi yawa. Ya ce ta yi yawa ko'ina, me ya sa Kafaɗa kawai? Na ce na auna. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya ɗauki gudumarsa.

Na san abin da ya haɗiye. Ranar Laraba ma kin auna.

Na yi masa masifa, na ce kansa ya fi ƙanƙarar kwarin tauri, na ce idan wani abu ya faru alhakin yana wuyansa. Ni, da bakina, nake rataya wa wani alhaki. Ya ce Allah ya ba ki haƙuri, Malama, kina cikin zafi. Na dawo gida.

Ba za su tashi don na ce ba. Maganata ta mutu a kwarin nan tare da shi. Za su tashi ne kawai idan sun ga layin, kuma duk wanda ya ga layin Kafaɗa ya san abin da ke Gonar Kaka, ya san wa ya ce a watsa.

Tsoro nake ji, gara in rubuta shi da sunansa. Ba tsoron gari ba, gari sun saba da bakina na saba da nasu. Zevarmo nake tsoro, da yaran nan biyu da suke ce min Goggo. Su kaɗai suka rage min.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan la'asar

Na yi.

Da hantsi na koma Kafaɗa na yanko guntu mai tsawon kamu uku da layin a tsakiyarsa, na ɗora a bahon wanki, na jawo shi da igiya. Yau ana addu'a a gidan ƙanena, ɗakin cike, maza a wannan dandamali mata a wancan, Halifa yana jingine da matashi saboda haƙarƙarinsa. Na shigo da baho kamar mahaukaciya, na ajiye a tsakar ɗaki ƙarƙashin tagar rufi inda haske ke sauka. Wata tsohuwa ta ce Malama lafiya? Ban amsa ba, don idan na amsa ba zan ƙarasa ba.

Na ce: "Kun ga baƙin nan? Tokarmu ce. A kanta Gonar Kaka ta zame. Ni na ce a watsa a gangare, ni na je na auna inda babu ita, ni na ce su tafi. Wannan guntun daga Kafaɗa na yanko shi, daga saman ɗakin nan. Gobe wata dusar tana zuwa."

Na ɗora tafin hannu na buga. A na uku saman ya sulale ya faɗi a kan shimfiɗa, ya bar gilashin yana ƙyalli.

Ana jin wuta tana ci a murhu. Sai mai gari ya yi magana, a hankali, da ma ihu ya yi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Talata."

"Yau Juma'a, Malama."

Na ce na sani.

Zevarmo ta tashi, ta kama hannun yaran, ta ratsa ta gefen bahon ta fita. Ko kallona ba ta yi ba. Ƙaramar ta waiwayo, uwar ta ja ta.

Asabar, 15 ga Maris, sha biyu na rana

Sun tashi, duk shidan. An ɗauko tsofaffin a kan ƙyauren ƙofa, an kora shanu zuwa garken mai gari. Azuzuwa biyar, murhu biyar, kowane aji da iyalinsa. Ni na buɗe musu, makullan suna hannuna har yanzu. Suna wucewa ta gabana da barguna, wasu su ce sannu, wasu su kalli bango.

Ta fara sauka tun goma.

Lahadi, 16 ga Maris, bakwai na safe

Sabuwa: talatin da takwas. Tana ci gaba. Ba wanda ya shigo da burodi.

Litinin, 17 ga Maris, huɗu na yamma

Sabuwa: goma sha ɗaya. Ta tsaya, rana ta fito da zafi, rufin kowa yana ɗiga. Kafaɗa tana nan shiru. Na ji an ce wani a aji na uku yana cewa Malama ta kashe ɗaya, yanzu kuma ta kwashe arba'in ta cusa a aji don ta wanke kanta. Biyu sun ce gobe za su koma gida. Mai gari ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai su bi ta kansa.

Na kama kaina ina roƙon ta sauko. Wace irin mace ce ke roƙon tarma ta faɗa wa gidan ƙanenta? Astagfirullah.

Talata, 18 ga Maris, ɗaya na rana

Sha ɗaya da minti ashirin. Muna tsaye a filin makaranta, muka ga tsaga ta ruga a Kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ƙarar ta iso.

Gida na farko babu shi. Na biyu, nasa, rabi ya tafi, ginshiƙai biyu ne a tsaye da murhu. Sauran huɗun ta cika musu tsakar gida har rufi. Mai gari ya jera mutane ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kamar kiran rajista. Arba'in da ɗaya.

Sai suka fara zuwa. Wanda ya ce na wanke kaina shi ya fara kama hannuna ya sumbata, yana kuka. Allah ya saka miki, Malama. Na fizge na gudu gida na sa sakata. Gara zagin, wallahi gara zagin, shi na san inda zan ajiye shi.

Zevarmo kuwa ta tsaya tana kallon inda ɗakinta yake. Ba ta zo ba.

Laraba, 19 ga Maris, bakwai na safe

Sabuwa: babu.

Juma'a, 21 ga Maris, Nawruz, la'asar

Ban share ɗaki ba, ban shafa gari a ginshiƙai ba, bana sabuwar shekara ta shigo ta tarar da ni yadda nake. Da hantsi aka buga ƙofa. Na buɗe, Zevarmo ce, da buhu biyu a kan jaki, fuskarta duk baƙi-baƙi. Ta shigo ba gaisuwa ta zauna a wurin da yake zama.

Ta ce: "Yaya, ni tun ranar farko na gani. Da muke soka sanda na ga baƙin a jikin guntayen. Ai na san tokar murhuna."

Ta ce ita ta tara, buhu shida, ita ta riƙa damunsa da maganar saniya safe da yamma har ya zo min da kuka na kawo shawarar gangare. Ta ce kwana takwas tana sunkuyar da kai idan na shigo, don tana tsoron in gane in ce ta kashe min ƙane. Ita kuma Kafaɗa ba ta faɗo mata a rai ba sam, tana kwance da yara a ƙarƙashinta.

Na ce to me ya sa ta fita ranar Juma'a, me ya sa mako guda ba ta ce min uffan ba?

"Haushinki na ji. Kin tashi gaban mutane kin ce ni, ni, ni. Mijina ne fa. Ko buhu ɗaya ba ki bar min ba."

Nan muka yi kukan da ba mu yi ba tun ranar Alhamis ɗin, muka yi shi sosai, har jakin ya gaji ya fara cin shingena.

Da muka natsu na tambaye ta buhunan mene ne. Ta ce tokar makaranta ce, murhu biyar, kwana shida, ita ta bi aji-aji ta kwashe. Ta ce ba za ta jira watan shida ba, a kwarin za ta watsa don tarmar ta narke. Gonar Kaka ta riga ta zubar da abin da ke kanta, kwarin kuma fili ne, ba inda zai zame. Ta ce ita dai ba ta san awo ba, in faɗa mata ko akwai haɗari.

Na ce sai na je na haƙa, a wurin, ba a bayan makaranta ba. Na je na haƙa. Babu.

Muka watsa, mu biyu. Kafin mu gama buhu na farko mai gari ya iso da bokiti, bayansa matar Halifa, bayanta sauran. Kowane murhu a Shudev an kwashe shi yau.

Alhamis, 27 ga Maris, biyar na yamma

Na kafa sanda a kwarin. Ta sauka santimita saba'in cikin kwana shida. Kullum da safe sai mu ƙara, Tirzud ma sun aiko da buhu tara. Yaran suna kwana a wurina, su da uwarsu. Ƙaramar ta ce shayina ya yi gishiri.

Asabar, 5 ga Afrilu, biyar na yamma

Mita biyu da goma. Sanda ta fara taɓa duwatsun gefe. Soka, cire, taki ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu, azahar

Sabuwa: babu.

Zevarmo ce ta gani, can gefen kogi, nesa da inda muka yi ta soka. Ja a cikin toka-toka. Ba ta yi ihu ba, ta kira ni kawai, ta ce Yaya zo ki ga saƙata. Muka ajiye shebur muka tona da hannu.

Bai canja ba, sanyi ya riƙe mana shi. Burodi biyun suna cikin rigarsa.

Halifa ya ce gobe za a sa shi kusa da Baba, jibi a kunna fitila. Ya ce in ba shi cikakken suna a rubuce don addu'a. Na ce bari in gwada a nan tukuna.

Nazarsho ɗan Davlatsho, na Shudev. Ƙanena.